Tambayi Likita: Fim ɗin girgizar ƙasa da mutumin da aka ciro daga ƙarƙashin gini

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato fim ɗin girgizar ƙasar nan da ake tururuwar kallo a gidajen sinima na Ikeja da Surulere da Lekki. Wasu sun ce kuɗinsu bai tafi a banza ba, sun ga benaye na zubewa har kujera na rawa. Wasu sun ce ƙaryar ta yi yawa, jarumi ɗaya ya ceci gari guda ko ƙwarzane bai samu ba. Wannan muhawara na bar muku ita. Nawa shi ne abin da ya shafi jiki.

Tambaya: Likita, na kalli fim ɗin da tabaran nan na 3D, tun kafin a kai rabi jiri ya kama ni, zuciyata na tashi. Ko hawan jini ne? Daga wani matashi, Obalende.

Amsa: Da wuya. Idonka na gaya wa ƙwaƙwalwa ƙasa na motsi, cikin kunnenka na cewa a zaune kake, saɓanin nan shi ke kawo jiri, irin wanda ke kama mutum a mota. Cire tabaran, rufe ido na minti biyu, wani karon ka zauna a layin baya. Idan jirin ya kwana, ko ya zo da ganin abu biyu-biyu, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu, kada ka jira gari ya waye, tafi asibiti.

Tambaya: Tun da muka fito kunnena ke ƙara "ziii", yau kwana biyu. Wata ta ce in ɗiga man zaitun mai ɗumi. Daga wata 'yar'uwa, Idi-Araba.

Amsa: Kada ki ɗiga komai, kada ki sa tsinke ko gashin kaza. Ƙara ce ta gajiyar da 'yan gasun da ke can cikin kunne, inda mai ba ya kaiwa. Ƙa'idar ita ce ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin ƙarfin sauti (decibel) ana jure ta awa takwas, wadda ta kai 100 kuwa kwata ɗin awa kawai. Yawanci yana lafawa cikin kwana ɗaya zuwa uku idan kin huta da abin sauraro na kunne, kin nisanci janareta. In ya wuce mako, ko kika ji kunne ɗaya ya toshe farat ɗaya, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) nan kusa da ke, ki nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Toshewar farat ɗaya ba a kwana da ita.

Tambaya: Ina da ciki wata bakwai. Uwar mijina ta yi faɗa, wai firgitar da na yi a sinima za ta taɓa jaririn, zai fito da tawaya. Daga Agege.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Hajiya cikin ladabi. Kallon fim ba ya sauya halittar ɗa. Abin lura a wata bakwai shi ne motsinsa: idan ya ragu da yadda kika saba, ko kika ga jini ko ruwa, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, a ranar za ki je wurin awo.

Tambaya: Mun tafi da ɗana mai shekara shida. Yanzu ba ya yarda a kashe fitila, yana farkawa da kuka wai gida zai faɗo, har ya koma fitsarin kwance. An ce in sayo maganin mura mai sa barci. Daga wata uwa, Mile 12.

Amsa: Maman yaro, wanda ya ba ki wannan shawara bai yi miki adalci ba. Maganin mura mai sa barci ba ya cire tsoro, kasala kawai yake sa wa yaro, idan kuma aka zarce ƙima yana iya jawo suma ko jijjiga. Wanda ke da kodin a ciki ma ya fi haɗari, yana rage numfashi, tun 2018 gwamnati ta hana shi.

Yaro ɗan shekara shida bai gama rarrabe abin da aka shirya da abin da ya faru da gaske ba. Da rana, ba da dare ba, ki zaunar da shi ya faɗi abin da ya gani. Kada ki ce masa "ai ba komai", ki gaya masa yadda ake yin abin: kwamfuta ce ta zana benayen, mutanen da ya ga sun mutu suna nan da ransu sun koma gidajensu. A bar masa ƙaramar fitila, a yi masa addu'ar barci kamar yadda aka saba, a hana 'yan'uwansa tsokanarsa da fitsarin, duka kuwa ƙara dagula abin yake yi. Yawancin yara suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan wata ya cika yana nan yadda yake, ko ya ƙi makaranta, ko ya daina cin abinci, ki kai shi wurin likitan yara. Fitsarin in ya zo da zafi, ko yawan ƙishirwa da rama, wannan kuma wani ciwon ne daban, a yi gwaji. Nan gaba a riƙa duba shekarun da aka rubuta a jikin tallan fim kafin a sayi tikiti.

Tambaya: Likita, ni birkila ne a wajen Ajah. A fim ɗin an ɗaga kankare daga ƙafar wani bayan ya kwana a danne, ya miƙe ya ci gaba da gudu. Muka yi musu da abokan aiki. Ni na taɓa jin an ciro mutum yana magana, yana godiya, kafin a kai asibiti ya cika. Wasu sun ce tsoro ne, wasu sun ce iska ce ta buge shi. Idan irin haka ta faru a wurin aiki, me za mu yi?

Amsa: Malam, tambayarka ce ta fi tsaya mini a rai, don mu a Legas ba girgizar ƙasa ke danne mutane ba, gini ne. Kowa na tune da benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum sama da 40 suka rasu, da yawansu masu aikin gini. Kafin shi akwai na Ita Faaji a 2019 da ya faɗa kan 'yan makaranta, da na Ikotun a 2014 da ya ci rai fiye da 100. Waɗanda ke fara isa wurin da hannu da shebur kuwa irinku ne: birkiloli, leburori, masu gadi, 'yan dako. Abin da kuka yi a awar farko shi ke raba mai rai da gawa.

Fim ya yi ƙarya, kuma ba iska ba ce. Ga abin da ke faruwa. Idan nauyi ya danne cinya ko ƙwauri ko hannu, jini ya daina zagayawa, tsoka na fara lalacewa tun daga awa ɗaya, zuwa awa huɗu ko shida ta fara mutuwa. Tsokar da ta mutu tana fashewa ta zubar da abin da ke cikinta, musamman sinadarin fotashiyam da wani jan sinadari da ke ba nama launinsa. Muddin nauyin na kai, dattin na tsare a ƙafar. Da zarar an ɗaga, sai ya kwararo cikin jini lokaci guda, kamar kwatar da ta daɗe a toshe aka buɗe ta ranar ruwan sama. Fotashiyam ɗin na iya tsayar da zuciya cikin mintuna, shi ne mutumin da ka ji yana godiya ya cika. Idan ya tsallake wannan, ƙafar za ta kumbura ta janye ruwan jikinsa lita-lita, jan sinadarin ya toshe ƙoda, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke. Likitan Ingila Eric Bywaters ya bayyana ciwon a 1941, a jikin mutanen da aka ciro daga gidajen da bam ya rusa a Landan. A girgizar ƙasar Armeniya ta 1988 da ta Turkiyya ta 1999, ɗaruruwan waɗanda aka ciro da rai sai da suka buƙaci wankin ƙoda.

Abu na farko, mutum ɗaya ya kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na jihar Legas, ya faɗi unguwa da titi da wata alama da ake gani, ya faɗi mutum nawa ne da kuma ƙarfe nawa abin ya faru. Lokacin nan ku riƙe shi, ko a bango ku rubuta, domin shi likita zai fara tambaya. Kada jama'a su hau kan ɓaraguzai suna leƙe, nauyinsu na ƙara danne na ƙasa. A kashe wuta da janareta, kada a kunna ashana. Lokaci-lokaci a yi tsit a saurara.

Idan abin ya danne ƙirji ko wuya ko ciki, a ɗaga nan take, don numfashi ba ya jira. Idan ƙafa ce ko hannu kuma yanzu abin ya faru, 'yan mintuna ne, shi ma a ɗaga. Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda ya yi awa ɗaya ko fiye a danne. Idan jami'an LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, ko motar asibiti sun iso ko suna dab da isowa, ku bari su sa masa ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashi. Babba akan fara masa da kusan lita ɗaya a awa na ruwan gishiri na asibiti, wanda ba shi da fotashiyam. Na san jama'a kan fusata su ga ma'aikaci na neman jijiya maimakon ya ja mutum waje, har a fara zaginsa. Ku ne za ku tare masa faɗa, ruwan nan shi ke ceton ƙodar. Idan kuwa babu alamar agaji, ko ginin na shirin sake zubewa, ba za a bar shi ya kwana a can ba: a ɗaga a hankali, a tokare da katako ko jak ɗin mota don kada ya dawo, daga nan kai-tsaye sai asibiti.

Wurin fito da shi kada a ja shi ta hannu ko ƙafa. Mutum ɗaya ya riƙe kai da wuya da hannu biyu, uku ko huɗu su ɗaga jikin a miƙe su ɗora kan ƙyaure ko faffaɗan katako. Ƙashin baya na iya karyewa laka ba ta tsinke ba, sai a naɗe mutum a cusa shi cikin Keke ko a goya shi a babur, a ƙarasa tsinke ta. Mutane da yawa ba ginin ne ya shanye musu ƙafafu ba, ɗaukar ce. Inda jini ke zuba, a danna da tsumma mai tsabta da ƙarfi minti goma ba ɗagawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ɗaure gaɓa tamau da igiya sai idan jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa da dannawa, shi ma da ƙyalle mai faɗi, sama da ciwon, a rubuta lokaci, kada kuma a riƙa kwancewa a hanya.

Yanzu ga abubuwan da ke ba ni takaici. Ana ciro mutum sai wannan ya kawo madara, wancan manja, wani lemun kwalba wai ya samu ƙarfi, a ɗaga kansa a ɗura. Wanda hankalinsa bai cika ba cikin huhunsa ruwan ke tafiya, wanda za a yi wa tiyata kuma kun jinkirta masa aiki. Ayaba da lemo da ruwan kwakwa da ake kai wa majinyaci da kyakkyawar niyya duk cike suke da fotashiyam, abin da ke neman kashe shi ke nan. Kada a kwara masa bokitin ruwa wai ya farfaɗo, a lulluɓe shi ne. Kada a murza ƙafar, kada a gasa ta da ruwan zafi. Kada a je kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen ko haɗin nan na ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, waɗannan su ke ƙarasa ƙodar da ta riga ta jigata. Baƙin mai na inji, toka, ƙasa, garin batir, man goge baki: ban san wanda ya fara koya wa mutane zuba su a ciwo ba, amma duk mai yi ya sani cuta yake shukawa. Ruwa mai tsabta da tsumma mai tsabta sun isa, sai allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora a asibiti.

Sai maganar mai ɗori. Ban raina sana'ar kowa ba, amma ƙafar da gini ya danne ba ta ɗori ba ce. Tana ci gaba da kumbura a cikin fatar da ba ta buɗewa, in aka zagaye ta da karare aka ɗaure, jini ya yanke gaba ɗaya. Alamunsa: ciwo mai tsanani da ya fi ƙarfin raunin da ake gani, ƙafa ta yi tauri, ihu idan an motsa yatsu, sannan dindiris. Awa shida zuwa takwas ake da su likita ya tsaga ya sassauta. Bayan nan sai baƙi da wari, sai a zo asibitin ƙashi na Igbobi a ce likitoci ba su san komai ba sai yanke ƙafa, alhali an kawo ta a mace.

Mafi haɗari duka shi ne wanda ya fito yana tafiya da ƙafarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, a bar shi ya koma ɗaki ya kwanta, ko ya hau mota ya tafi gida Arewa a yi masa magani. Duk wanda nauyi ya danne na awa ɗaya ko fiye, ko ba karaya, sai an gwada jininsa da ƙodarsa da bugun zuciyarsa a ranar, a babban asibiti irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja ko LUTH, inda akwai na'urar wankin ƙoda in an buƙata. Ku lura da fitsarinsa. Idan ya koma launin baƙin shayi, ko abin da ya yi a yini da kwana bai cika ledar fiya wata ɗaya ba, ƙoda ta fara tsayawa, ko tsakar dare ne a tafi. Labari mai daɗi shi ne irin wannan ciwon ƙoda yakan warke cikin 'yan makonni idan an tare shi da wuri. Maganar kuɗi kuma, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka kada tsoron kati ko takardar 'yan sanda ya sa ku ajiye shi a ɗaki. Ka karanta wa abokan aikinka wannan, ka sa lambobin nan biyu a wayar kowa.

Tambaya: Ƙanina na da farfaɗiya. Ya dace ya kalli fim mai walƙiyar wuta irin wannan? Daga Alaba Rago.

Amsa: Walƙiyar haske na tayar da ciwon ga kaɗan ne daga masu farfaɗiya, kusan uku zuwa biyar cikin ɗari. Idan talabijin ko fitila mai ƙyaftawa ta taɓa kayar da shi, ya haƙura. In ba haka ba, ya sha maganinsa a kan lokaci, ya yi barci isasshe, ya tafi da wani. Rashin barci da tsallake magani sun fi fim kayar da mutum.

In farfaɗiyar ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a duba agogo, jijjigar na tsayawa a juya shi kan gefensa. Ba cokali a baki, ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai kuke karyawa. Ba turara hayaƙi, ba ɗura ruwan rubutu yana cikin suma, a jira ya farka. Kanga ƙafar yaro a wuta da ɗura masa haɗin fitsarin saniya da wasu maƙwabta ke yi a nan, don Allah kada ku ara, ya kashe yara. Yawunsa ba ya yaɗa ciwon, ku taɓa shi. Idan jijjiga ta wuce minti biyar, ko ta dawo bai farfaɗo ba, asibiti nan take.

Tambaya: Ina da hawan jini, shekarata 58. Da ana nuna rushewar gada sai na ji gabana na dukan uku-uku. Daga wani Alhaji, Apapa.

Amsa: Alhaji, faɗuwar gaban da ta lafa bayan 'yan mintuna ba abin damuwa ba ce. Amma firgita mai ƙarfi na iya tayar da ciwon zuciyar da ke kwance, an ga haka a girgizar ƙasar Los Angeles ta 1994, inda mutuwar farat ɗaya ta ƙaru a ranar. Idan ka ji nauyi a ƙirji ya kai kwata ɗin awa, da gumi, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, kada ka ce gyambon ciki ne ka sha kanwa, a kai ka asibiti. Ka auna jininka wannan makon, kada kuma ka ajiye magani don ka ji sauƙi.

Tambaya: Girgizar ƙasa na iya faruwa a Legas? In ta zo ina za a gudu? Daga wata ɗaliba, Yaba.

Amsa: Ba ma kan bakin manyan tsagogin ƙasa irin na Turkiyya ko Japan, amma an ji 'yar girgiza a Ijebu-Ode a 1984, da Kwoi a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Ba a gudu a matakala kamar yadda ake yi a fim. Ki durƙusa, ki shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ki kare kai da wuya har ta tsaya, sannan ki fita. Wanda gini ya rufe ya toshe hanci da baki da riga saboda ƙura, ya riƙa buga ƙarfe ko bututu, ihu sai ya ji mutane kusa. Abin da ya fi kusa da ke shi ne tsagar bango da ke faɗaɗa, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, ko dekin da ke zubar da gari. In kin ga haka a gidan haya, ku fita tukuna, sannan a yi maganar kuɗin haya.

Tambaya: A fim an danna ƙirjin yarinya sau huɗu, ta yi tari ta tashi. Haka ake yi? Daga wani mai gadi, Ikoyi.

Amsa: A'a. Ga babban da ba ya amsawa kuma ba ya numfashi, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna zurfin santimita biyar zuwa shida, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Wani ya kira 112, ku riƙa karɓar juna duk minti biyu har ma'aikatan lafiya su iso. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba.